Rigar Malam a Dandalin Wasa

Tun da daɗewa al'ummomi da dama suka raba zauren malam da dandalin makaɗi, suna kuma fargabar ranar da mai zauren zai taka zuwa dandalin. A ƙasar Hausa ba a mamaki idan makaɗi ya ajiye kalangu ya ɗauki allo. Abin da ke tayar da magana shi ne malam ya ajiye allo ya bi kiɗa. Turawa ma suna da irin wannan fargaba, har sun yi mata labari. A shekarar 1905 marubucin Jamus Heinrich Mann ya wallafa littafinsa *Professor Unrat*, wanda Josef von Sternberg ya mayar fim a 1930 da sunan *Der blaue Engel*. A cikin fim ɗin, wani tsohon malamin sakandare mai tsanani ya bi sawun ɗalibansa zuwa gidan rawa don ya kama su, sai shi ya kamu. Ya auri mawaƙiyar gidan, ya rasa aikinsa, ya koma wawan da ake shafa wa fenti a fuska, har aka kai shi garinsu aka sa shi ya yi cara kamar zakara a gaban mutanen da suka san shi da mutunci. Daga ƙarshe ya mutu rungume da teburin tsohon ajinsa.

Darasin wannan labari mai sauƙi ne, shi ya sa ya karɓu: dandali yana tuɓe wa malam riga. To amma akwai wani labarin, wanda ya faru da gaske, da ya fi wannan wuyar warwarewa, domin a cikinsa dandali bai tuɓe wa malam riga ba. Rigar ce ma yake so, ya kuma biya kuɗi mai yawa don malam ya ci gaba da sanye da ita.

Charles Van Doren ɗan gidan ilimi ne a Amurka, an haife shi a 1926. Mahaifinsa Mark Van Doren mawaƙi ne, shehun malami a Jami'ar Kolambiya ta birnin Niyok, ya kuma sami lambar Pulitzer a 1940. Baffansa Carl Van Doren ya riga shi samun lambar da shekara ɗaya, saboda tarihin Benjamin Franklin da ya rubuta. Charles ya tashi a gidan da ake hirar littattafai a wurin cin abinci. Ya karanta ilimin taurari, sannan ya koma adabi, ya fara koyar da Ingilishi a jami'ar da mahaifinsa yake, da albashin ƙaramin malami wanda kaɗan ya haura dala 4,000 a shekara. Yana da shekara 30 lokacin da masu shirin talabijin suka gano shi.

Shirin shi ne *Twenty-One*, gasar kacici-kacici da tashar NBC ta fara nunawa a watan Satumba na 1956. Ana shigar da ƴan takara biyu, kowa cikin ɗan ɗakinsa na gilashi inda ba ya jin abokin karawarsa, kowa ya zaɓi nauyin tambayar da yake so daga maki 1 zuwa 11, wanda ya fara kai 21 ya ci. An yi zagayen farko bisa gaskiya, sai ya zama abin gajiya: ƴan takara suka yi ta faɗuwa, makin ya ƙi tashi. Kamfanin maganin Geritol, mai ɗaukar nauyin shirin, ya nuna rashin jin daɗinsa. Daga nan Dan Enright da mutanensa suka yanke shawarar ba za su sake barin komai ga sa'a ba. Suka fara ba ɗan takarar da suke so tambayoyi da amsoshi tun kafin a shiga, suka koya masa inda zai yi jinkiri, inda zai ciji leɓe, inda zai tsallake wani ɓangare na tambaya ya dawo masa daga baya. Har iskar ɗakin gilashin akan kashe don gumi ya fito, a kuma gargaɗi mutum ya riƙa danna hankici a goshi a hankali, kada ya goge kwalliyar da aka yi masa.

Gwarzon shirin kafin zuwan Van Doren shi ne Herbert Stempel, tsohon soja, ɗalibin jami'ar birni wadda ƴaƴan talakawa ke zuwa, mutum mai kaifin hadda. Masu shirin sun yi masa askin soja, sun sa shi cikin tsohuwar kwat da ba ta yi masa daidai ba, don ya fito a matsayin talaka mai fafutuka. Da suka ga masu kallo sun fara gajiya da shi, sai suka nemo kishiyarsa: saurayi kyakkyawa, mai ladabi, mai sunan gida. Ranar 5 ga Disamba 1956 aka umarci Stempel ya faɗi a kan tambayar fim ɗin da ya ci lambar Oska ta 1955. Amsar ita ce *Marty*, fim ɗin da yake ƙauna, ya kuma kalle shi fiye da sau ɗaya. Ya ba da amsar da ba ita ba kamar yadda aka ce masa. Van Doren ya hau, ya zauna a kan karagar har 11 ga Maris 1957, ya tashi da dala 129,000. Mujallar *Time* ta sa hotonsa a bangonta a watan Fabrairu na wannan shekara, NBC ta ba shi kwangilar dala 50,000 a shekara don ya riƙa fitowa a shirin safe na *Today*, inda yakan karanta waƙoƙi ya yi bayanin adabi. Wasiƙu dubbai suka yi ta zuwa masa, da yawa daga iyaye da malamai masu godiya cewa yaransu sun fara son karatu saboda shi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Stempel ya yi ta kai kuka ba a saurare shi ba, sai a watan Agusta na 1958, bayan da wani ɗan takara a wani shirin daban, *Dotto*, ya tsinci ɗan littafin da abokiyar takara ta rubuta amsoshi a ciki. Bincike ya buɗe a Niyok. Wani tsohon ɗan takarar *Twenty-One* ya fito da wasiƙun da ya aika wa kansa ta gidan waya, rufaffu, ɗauke da hatimin ranar da ta riga ranar shirin, tambayoyi da amsoshi na ciki. Van Doren ya rantse a gaban masu binciken cewa ba a taɓa ba shi amsa ba. Ya ci gaba da musu fiye da shekara, har ranar 2 ga Nuwamba 1959 da ya zauna gaban wani kwamitin majalisar wakilai a Washintan ya faɗi gaskiya.

Tambayar farko da ta kamata a tsaya a kanta ita ce: ina ainihin ƙaryar take? Amsoshin da ya bayar daidai ne. Babu yaron da ya koyi sunan sarki ko na kogi a karkace daga bakinsa. Shi kansa mutum ne mai karatu na haƙiƙa, watakila da an bar shi da ya san da yawa daga cikinsu. Ƙaryar tana cikin jinkirin, cikin cizon leɓe da lumshe ido, cikin gumin. Abin da aka sayar wa miliyoyin mutane shi ne hoton mutum yana kokawa da iyakar saninsa, alhali babu kokawar. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai sana'ar koyarwa, domin amanar malam tana wajen iyakar nan ne, tsakanin abin da ya sani da abin da bai sani ba. Ɗalibi ba shi da hanyar auna ilimin malaminsa. Da yana da ita da ba ɗalibi ba ne. Abin da ya dogara a kai shi ne cewa idan malam ya nuna tabbaci to yana da shi, idan ya nuna shakka to da gaske yake shakkar. Mabiya mazhabar Malikiyya sun san ruwayar da ke cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga cikinsu da cewa bai sani ba. Ba a riƙe wannan ruwaya don a rage masa daraja ba. An riƙe ta ne domin amsoshi 16 ɗin da suka rage sun sami nauyinsu daga 32 ɗin. Van Doren ya yi wasa da wannan ma'auni ta fuska biyu: ya nuna sanin da ba nasa ba, ya kuma nuna rashin sanin da ba na gaskiya ba. Ranar da aka ga dama a sauke shi ma, a kan sunan sarkin Beljiyam aka ce ya faɗi.

Masu shirin suna da hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce. Sun ce wannan nishaɗi ne, nishaɗi kuwa ana tsara shi. Babu wanda ke zargin ɗan wasan kwaikwayo da ƙarya don ya yi kuka a dandali alhali babu wanda ya mutu masa. A lokacin ma babu dokar da ta hana shirya sakamakon irin wannan gasa, sai a 1960 majalisar Amurka ta yi ta. Sai dai hujjar ta tsallake abu ɗaya. Tsakanin ɗan wasa da mai kallo akwai yarjejeniyar da kowa ya sani. Ɗan kama yakan fito kasuwa da rawani da tasbaha da tarin layu, ya kwaikwayi karatun malamai da ambaton tuwo da nama, jama'a su yi dariya, ba wanda ya koma gida yana zaton ya ji fatawa. Malaman makaranta na Nijar da suka raya wasan kwaikwayon Hausa a rediyo da talabijin, irin su Yazi Dogo, sun hau dandali sun zama alhazai da bokaye da sarakuna, washegari mutuncinsu na nan, saboda kowa ya san an sa riga ne za a cire. André Salifou, masanin tarihi ɗan Damagaram, ya ɗauki Tanimun daga takardun bincike ya kai shi dandali, bai yaudari kowa ba, domin ya kira abin da sunansa: wasa. Van Doren kuwa an gabatar da shi da sunansa na yanka, da sunan jami'arsa, da sunan mahaifinsa. Rawar da aka ba shi ita ce ya zama kansa. Idan mutum ya kwaikwayi kansa ba tare da ya sanar ba, babu labulen da zai sauka ya raba wasan da rayuwa, kuma shi ya sa bayan an kashe fitilu dole ya ci gaba da wasan a aji, a gida, har a gaban masu rantsarwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Akan so a ce kuɗi ne ya ja shi, a rufe zancen da kwaɗayi mabuɗin wahala. Kuɗin ya yi aikinsa, babu shakka; abin da ya ci a cikin wata uku da ƴan kwanaki ya kusa albashinsa na shekara 30. Amma bisa ga abin da ya shaida wa kwamitin, ba ta wannan ƙofa aka fara shigo masa ba. Ya ce ya roƙi a bar shi ya yi takarar bisa gaskiya, Albert Freedman ya ce masa ba zai yiwu ba, sannan ya nuna masa cewa fitowarsa za ta ɗaga darajar malamai da ta karatu a idon jama'ar ƙasa. Nan ne abin ya fi ban tsoro. Mutumin banza ana sayensa da son zuciyarsa, mutumin kirki kuwa da kirkinsa ake sayensa. An miƙa wa malami abin da kowane malami ke mafarki, wato aji mai miliyoyin ɗalibai, aka ce farashinsa ƙarya ɗaya ce ƙarama wadda ba za ta cuci kowa ba. Wasiƙun iyaye da suka biyo baya sai suka zama kamar shaidar cewa cinikin ya yi kyau. Duk wasiƙar godiya ta ƙara masa dalilin yin shiru.

Shin tashi cikin killataccen gida uzuri ne? Wasu ƴan kwamitin sun ɗauka haka, suka yaba masa bisa ƙarfin halin faɗin gaskiya. Steven Derounian, wakili daga Niyok, ya ƙi bin su, ya ce a ganinsa babba mai irin wannan basira bai cancanci yabo ba don kawai ya faɗi gaskiya, zauren kuma ya ɗauki tafi. Derounian ya yi daidai, amma killacewar tana da abin da take bayyanawa ko da ba ta wanke laifi. Van Doren ya karanta falsafar ɗabi'a tun daga Girkawa, ya san sunan kowace jarabawa a littafi. Abin da bai taɓa yi ba shi ne zama da ɗan kasuwa mai daɗin baki wanda ya riga ya auna shi, ya san abin da yake so ya ji. Gaskiyarsa ta kasance irin wadda ba a taɓa taya ta ba, saboda haka shi kansa bai san farashinta ba sai ranar da aka taya. Ƴar talla a bakin tasha, wadda ake yi wa romon baka sau goma kafin azahar, ta fi shi shiri a wannan fage. Daga nan ake gane kuskuren masu cewa maganin abin shi ne malam ya zauna a zaurensa kada ya leƙa waje. Zaman zauren ne ya sa ya zama nama mai sauƙin kamu. Malamin da ya saba da dandali, ya san yadda ake tsara tafi da yadda ake sayar da fuska, shi ya fi iya gane lokacin da aka daina neman iliminsa aka koma neman rigarsa.

Akwai kuma wanda ake yawan mantawa da shi idan ana lissafin cewa ba a cuci kowa ba. An tilasta wa Stempel ya nuna jahilcin abin da ya sani a gaban ƙasa baki ɗaya, don a buɗe hanya ga wanda ya fi shi kyan gani da asali. Shi ma ba mai tsarki ba ne, an ba shi amsoshi ya karɓa, kuma haushi ne ya sa ya tona asiri, ba tsoron Allah ba. Duk da haka abin da aka koya wa masu kallo a daren nan ya fi kowace amsa zama a zuciya: cewa ilimi yana da irin fuskar da ta dace da shi, yana da gidan da yake fitowa. Duk malamin da ya taɓa zaɓen yaron da zai wakilci makaranta a gasa, ya tsallake mai ƙoƙari saboda tufarsa ko lafazinsa ya ɗauki ɗan gidan wane, ya san cewa wannan jarabawa ba ta Amurka kaɗai ba ce.

Ko da an yi gasar bisa gaskiya ma, da sauran magana. Ilimin da ɗakin gilashi ke iya nunawa shi ne wanda ake amsawa cikin daƙiƙoƙi: sunaye, shekaru, manyan birane. Aikin masani na ainihi ba ya kallo. Yana ɗaukar watanni, cike yake da komawa baya, sau da yawa yana ƙarewa da cewa tambayar ce ba a yi ta daidai ba. Yaran da suka so karatu saboda Van Doren sun so wani abu ne mai kama da karatu. Wannan ba dalilin soke gasar makarantu ba ne, tana da amfaninta wajen zaburar da yara, in dai malamai ba su ɗauki mai saurin ɗaga hannu a matsayin ma'aunin mai fahimta ba.

Sakamakon bai rabu daidai ba. NBC ta sallami Van Doren, jami'a ta karɓi takardar murabus ɗinsa duk da cewa ɗalibai da dama sun fito suna neman a bar musu malaminsu. A 1962 ya amsa laifin rantsuwa kan ƙarya, aka yi masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka. Jack Barry, mai gabatar da shirin, ya dawo talabijin na ƙasa, ya kuma fito da wata sabuwar gasa a 1972, daga baya ya sake haɗuwa da Enright suka yi arziki fiye da na da. Ana iya ganin zalunci a nan, kuma akwai shi: waɗanda suka haƙa ramin sun fita, wanda aka tura ciki ya zauna. Sai dai abin da kowannensu ya sayar ba ɗaya ba ne. Enright ya sayar da nishaɗi, hajarsa ce, jama'a kuma ba su taɓa ɗora masa wata amana da ta wuce ta ba. Van Doren ya sayar da yardar da mutane ke yi wa duk wanda ya tsaya gaban allo, yardar da ba shi ya tara ta ba, mahaifinsa da baffansa da dubban malaman ƙauye da ba a san sunansu ba ne suka tara. Wanda ya kashe dukiyar marayu ba a yi masa hukuncin wanda ya kashe tasa.

Bayan haka ya koma aikin da babu fitila a kansa. Ya shafe kusan shekara 20 yana edita a kamfanin kundin ilimi na Britannica, ya yi aiki tare da Mortimer Adler wajen sabunta littafin *How to Read a Book* a 1972, ya wallafa tarihin ilimi nasa a 1991. Ya ƙi magana da ƴan jarida kan abin da ya faru har kusan rabin ƙarni. Lokacin da Robert Redford yake shirya fim ɗin *Quiz Show*, wanda ya fito a 1994, an yi masa tayin dala 100,000 don ya zama mai ba da shawara. Kamar yadda ya bayyana da kansa a mujallar *The New Yorker* a 2008, ya so ya karɓa, matarsa ta ƙi, ya mayar da kwangilar ba tare da ya sa hannu ba. A ƙarshen rayuwarsa ya koma koyar da adabi a wani ƙaramin reshen jami'a a jihar Konetikat, inda ya rasu a watan Afrilu na 2019 yana da shekara 93.